Danƙon Da Na Shafa Wa Katakan Saurayin Yayata

"Na ce ki ajiye katakan nan, Aslaug!"

"In ajiye su a kan me? Na mijinki ne ko na mijina?"

"Ki ajiye na ce. Kowa a garin nan ya shafa wa yaron nan kaki, amma ban da ke."

"Ikon Allah! Yaya, ke da hannunki ke rawa, kofin gahawa ba ya kai miki baki sai rabi ya zube a cinya, ke ce za ki shafa kaki?"

"Gara hannu mai rawa da irin naki hannun."

Jama'a, haka muka karya da safiyar Alhamis ɗin Ista, ni da yayata Gunvor, a ɗakin girkin gidanmu na gado. Ita shekararta tamanin da biyu, ni saba'in da tara, amma da kun leƙo ta taga sai ku rantse 'yan mata ne ke rigima a kan ɗankunne. Ta riƙe katakon zamiya, irin wanda ake ɗaurawa a ƙafa a zame a kan dusar ƙanƙara, ta kai, na riƙe ta gindi, kowa na ja. Tana sanye da rigar ulun nan tata toka-toka mai maɓallan azurfa, wadda ba ta sa ta sai za ta coci ko za ta yi faɗa. Ni kuwa ko gashi ban taje ba, ina cikin silifas ɗin marigayi mijina.

Ga mafarin abin. Jikata Tuva ta yi saurayi, Asger sunansa, ɗan ƙasar Denmark, inda tudun da ya fi kowane tsawo bai kai juji na bayan gidanmu ba. Yaro kyakkyawa, ga ladabi, ga cin abinci, amma bai taɓa ɗaura katako a ƙafa ba sai makon jiya. Yau kuma za su hau da shi bukkarmu ta kan dutse, tafiyar kilomita goma sha huɗu a kan dusar ƙanƙara, kamar yadda gidanmu ke yi kowace Ista. Uban Tuva, wato ɗana, ya gado halin kakansa tsaf, yana can yana wasa haƙora yana jiran yaron ya sha kunya. Tun da sassafe saƙon Tuva ya shigo wayata:

"Kaka, mun kama hanya, nan da awa ɗaya muna nan. Katakan Kaka Eilif yake son ya sa, takalman ma sun yi masa daidai. Don Allah a shafa masa kakin da ya dace. Jiya sau goma sha ɗaya ya faɗi a filin yara."

Na mayar mata: "Ki ce wa angona ya kwantar da hankalinsa. In ya faɗi ni zan ɗaga shi, ke ki nemi wani."

Daga nan na sauko da katakan daga jikin bango, na ɗauko tsohon akwatin kaki, sai ga Yaya ta buɗe ƙofa da makullinta ta shigo. Tun da mazanmu suka rasu kullum nan take karyawa, gidanta na can gangare, tafiyar minti biyar. Ita kaɗai ta rage mini a duniya da ta san ni tun ina fitsarin kwance. Kuma akwai abin da na ɓoye mata shekara sittin cur, wanda na tabbata ranar da ta ji shi, ranar zan rasa ta.

Ku matso in gaya muku. Ni aji bakwai na yi a makaranta, in kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri, amma labarin bai karkace ba.

Eilif, mijina, ba ni ya zo nema ba. Yaya ya zo nema.

Shekarar 1964 ce, ina da sha tara. Yaya tana aiki a gidan wayar tarho a Oslo, can ta haɗu da shi. Makanikin jirgin ruwa ne, mutumin Haugesund, bakin teku, inda dusar ƙanƙara ke sauka da safe ruwan sama ya wanke ta kafin rana ta yi tsaka. Baba kuwa ya riga ya sa ido a kan Oddvar, ɗan maƙwabtanmu, wanda ya ci tseren zamiya na kwarinmu sau uku a jere. Baba ba ya tilasta wa kowa, shi dai magana ɗaya yake yi ya koma ga lofen tabarsa:

"Duk mai son 'yata, ya hau bukka da mu ranar Alhamis ɗin Ista, da ƙafarsa. Namijin da ba zai iya kai kansa kan dutse ba, in mace na naƙuda cikin hunturu wa zai je ya kira ungozoma?"

Ranar Talata Eilif ya sauka daga jirgin ƙasa a Tynset. Wayyo ni! Doguwar kwat baƙa, hula mai baki, da takalmin birni mai santsi. Taku uku ya yi daga tasha ya zauna daɓas a ƙasa. Maimakon ya ji kunya sai ya cire hula ya gaida ƙanƙarar, ya ce, "Sannu, ashe ke ce surukar tawa." Yaya ta kau da kai, fuskarta ja wur. Ni kuwa na yi dariya har da riƙe ciki. Ya ɗago ya dube ni, yana zaune a ƙasa, hula a hannu. To, daga nan ne. Kar ku tambaye ni, ni ma ban sani ba.

Kwana biyu Yaya na koya masa a gonar bayan gida. Ita kuwa ba ta iya koyarwa ba, don ba ta tuna ranar da ba ta iya ba. "Ka zame mana! Zamewa kawai za ka yi!" Shi kuma yana ta tafiya ƙiƙam-ƙiƙam kamar an ɗaura wa tunkiya katako. Matar mai shago, Allah ya ji ƙanta, gulma ce abincinta, har kujera ta fito da ita baranda don kallo.

Ranar Laraba rana ta yi zafi, dusar ta narke, da yamma kuma ta daskare ta koma tsakuwa-tsakuwa kamar gishirin jiƙa nama. A wajen cin abincin yamma Baba ya buɗe akwatin kakinsa a kan tebur, ya jera su kamar mai sayar da magani, yana magana da bango amma da baƙo yake.

"Tsakiyar katako, ƙarƙashin tafin ƙafa, nan ake shafawa, don ya kama in ka taka. Sabuwar dusa busasshiya, shuɗin kaki. In ta fara jiƙa, ja. In ta tsufa ta narke ta sake daskarewa kamar ta yau, to sai kilista." Ya ɗaga bututun danƙon nan mai kama da na man goge haƙora. "In gari ya waye haka, gobe ranar kilista ce. Amma wanda ya shafa kilista a kan sabuwar dusa, ya nemi jaki ya hau."

Gari bai waye haka ba. Da muka tashi, sabuwar dusa ta sauka, ta kai tsawon tafin hannu, fara fat, laushi kamar garin alkama. Baba ya fita ya damƙi cikin hannu, ya matse, ya buɗe, ta watse. Ya ce, "Shuɗi," ya koma ciki. Shi ke nan huɗubarsa.

Eilif ya shiga rumfar itace ya shafa shuɗi da hannunsa, yadda Yaya ta nuna masa, ya murza da totuwar kwalaba har yana gumi. Daidai ya yi, jama'a, daidai wa daida. Ya jingine katakan ya shiga shan gahawa.

Ni kuma aka aike ni ɗebo itace.

Har yau ina jin ƙamshin rumfar nan, kwaltar itacen da ake ƙona wa katako da ɗanyen icce. Na tsaya ina kallon katakansa. Na ce a raina: in ya kai bukka yau, Baba zai miƙa masa hannu, shi ke nan ya zama mijin Yaya, ni kuma in ƙare rayuwata ina ce masa "mijin Yaya". Bututun kilista yana aljihun rigar aikina. Kar ku ce tsautsayi ne ya sa shi ciki, ni na ɗauko shi daga akwati da hannuna. Na ɗumama shi a hammata, na matsa, na shafe tsakiyar katakan biyu da tafin hannu. Sannan na kwashe katakan kowa na fitar, na shimfiɗa su a kan dusa a ƙofar gida, kamar yarinyar kirki mai taimako.

Wanda bai san kilista ba bai san masifa ba. Ta taɓa hannunka, ta taɓa rigarka, ta taɓa gashinka, ta taɓa kare. Na goge da dusa, na goge da tsumma, a banza. Na cusa hannun a safar hannu ta ulu ja.

Muka tashi mu shida: Baba a gaba, Inna, Oddvar da ya ce wai hanya ce ta haɗa mu, Yaya cikin sabon wandon zamiya shuɗi da farar hula mai tuntu, sai Eilif, sai ni a baya. Ko shingen gonarmu ba mu wuce ba abin ya fara. Dusa ta manne a ƙarƙashin katakansa, ta taru, ta taru, har ta yi tudu kamar an ɗaura masa bulo a kowace ƙafa. Ya ƙara tsawo, yana tangaɗi, yana ɗaga ƙafa kamar mai taka laka. Sai ga shi rigijib.

Oddvar ya yi dariya har da dukan cinya. "Malam na teku, jirgin ya kafe ne? A kawo igiya?"

Baba ya dawo, ya ɗaga katako ɗaya, ya kankare da babban yatsa, ya shinshina. "Kilista." Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Wa ya shafa wannan?"

Zafi ya kama ni, na yi wauta na zare safar hannu don in gyara hula. Ai kuwa tafin hannuna ya fito jajir, gashin ulu ya manne masa kamar bayan kyanwa. Na yi maza na dunƙule. Baba bai gani ba. Eilif da ke zaune a ƙasa ya gani. Ya dubi hannun, ya dubi fuskata, ya dubi Baba.

"Ni ne, Baba. Jiya na ji ka ce kilista, sai na ƙara a kan shuɗin, wai don ya fi kamawa."

Baba ya yi tsaki. "Jiya jiya ce. Mutum ya dubi ƙasa kafin ya taka ta." Ya juya. "Aslaug, ki tsaya ki kankare masa. In ya ga ba zai iya ba, ki mai da shi gida."

Yaya ta gyara hularta, ta soka sandunan zamiyarta a dusa, ta bi bayan Oddvar. Kafin mu ƙifta ido daji ya haɗiye su.

Muka rage mu biyu. Na kasa haɗa ido da shi. Na karyo busassun rassa na hura 'yar wuta a gefen hanya, na riƙa gasa katakon sama-sama ina kankarewa da wuƙa, shi yana gogewa da hankicinsa, sabo fil mai harafin sunansa, wanda Yaya ta yi masa ɗinkin. Awa guda muka yi. Sai da muka gama ya ce:

"Ƙanwata, kawo hannun nan."

Na miƙa. Ya riƙa cire gashin ulun ɗaya-ɗaya, a hankali, kamar mai cire ƙaya.

"Me na yi miki?"

"Ba komai."

"To don me?"

"Oho."

"Oho ce ta hana ni aure yau?"

Sai na fashe da kuka, shi kuma ya fashe da dariya. Ya ce, "To, tun da ke kika kafe jirgin, ke za ki fitar da shi. Koya mini."

Na koya masa. Ni na iya koyarwa, don ni ce 'yar da ta fi kowa faɗuwa a gidanmu. Na karɓe sandunansa na ce ya yi tafiya hannu sake. Na ce, "Ka daina raba nauyinka biyu kamar mai tsoron a cuce shi. Ka ba ƙafa ɗaya dukkan jikinka, ka jira ta kai ka, sannan ka ba ɗayar." Ya gwada, ya faɗi. Na nuna masa yadda ake tashi: a tara katakan gefe guda, a gicciye da gangare, a durƙusa, sannan a miƙe. Ya sake gwadawa. A karo na biyar katakon ya ɗauke shi suuu, ya yi tsawon ɗaki bai taka ba. Ya yi ihu har wani tsuntsu ya tashi daga kan bishiya.

"Aslaug! Ta tafi da ni! Kin gani?"

Na gani mana. Abin da nake ta gani kenan tun ranar Talata.

Cikin daji dusar busasshiya ce, tana ƙara ƙiiƙ-ƙiiƙ a ƙarƙashinmu. Da muka zo hawa na ce ya buɗe kan katakan ya taka kamar agwagwa, ya bar sawu a bayansa kamar ƙashin kifi, ya ce yau ga abin da ya sani. Da muka fito fili inda rana ke duka, sai katakansa suka fara zamewa baya. Ya dube ni a tsorace, ya ce ko na sake yi masa wani abin. Na ce a'a, ƙasa ce ta sauya. Na sa ya damƙi dusa ya matse. Ta dunƙule, ruwa na ɗiga.

"Ja?" ya ce.

"Ja," na ce. Da hannunsa ya shafa.

Muka zauna a kan wani dutse da rana ta busar, muka juya fuska sama. Lemu ɗaya ne a jakata da gurasa da cukun nan namu mai ruwan ƙasa. Ya ɓare lemun a zare ɗaya bai tsinke ba, ya rataya mini ɓawon a sandata. Ya ba ni labarin tashoshin jirgi, na ba shi labarin wanda ke shiga gidan wa a garinmu in miji ya tafi saran itace. Bai taɓa ni ba, ban taɓa shi ba, ban da hannun nan mai danƙo. Amma ban taɓa cin lemu mai daɗin wannan ba, kuma na ci lemu da yawa.

Can sama iska ta daskarar da fuskar dusar ta yi ɓawo, in ka taka ta riƙe ka, in ka sake takawa ta fashe. Nan ya faɗi har na daina ƙirgawa. Gwiwarsa ta fashe, wandonsa ya yage. Sau biyu na ce mu koma, ya ce shi fa sai ya ga bukkar nan da ake masa gori da ita.

Rana ta yi ja muka isa. Hayaƙi na tashi, Oddvar na faskare a waje ya tuɓe riga don a gani. Yaya tana tsaye a bakin ƙofa, hannu a naɗe. Baba ya dubi agogo ya ce, "Awa takwas. Kakata da ƙafa ɗaya ta yi a huɗu." Amma ya matsa wa Eilif a benci.

Yaya ba ta ƙara yi masa magana mai tsawo ba. Kafin Ista ta ƙare ta mayar masa da zobensa. Da lokacin kaka ya zo ta auri Oddvar, mutumin da ya fi shafa kofunan tserensa a kan ya shafa kan matarsa, ba gulma ba, kowa ya sani. Ba su haihu ba. Eilif kuwa ya fara aiko mini da kati daga kowace tasha, ba ya rubuta komai sai tambaya ɗaya: "Yau wane launi?" In mayar masa: shuɗi, ko ja. Bayan shekara biyu muka yi aure, ya bar teku ya kama gyaran motocin noma. Shekara hamsin da ɗaya muka yi. Bai taɓa zama gwani a zamiya ba, amma ranar da na fara naƙudar ɗana cikin guguwa, shi ya je ya kira ungozoma.

Kuma kowace Ista sai an ba da labarin "kilistar Eilif". Ya zama wasan gidanmu. Shi ne ma kan gaba wajen bayarwa, yana kwaikwayon tafiyar bulo, yara na birgima. Yaya na dariya tare da kowa. Ni ina dariya ina kallon cikin kofina.

To, mu dawo ɗakin girki, inda muka bar tsofaffi biyu na jan katako.

Na sassauta murya. "Yaya, me kike nufi da irin nawa hannun?"

Ta saki katakon. Ta buɗe jakarta ta fito da wayarta, ta ɗora a tebur. "Jiya a wajen gyaran gashi aka nuna mini. Wai wata tsohuwa na rubuta labarin soyayyarta a waya, kashi-kashi. Wai tana da wani sirri na danƙo da ta ɓoye wa 'yar'uwarta, za ta gaya wa masu karatunta. Kowa na ta tambayar ko wace ce. Ni na biya kuɗin gashina na fito."

Kun ga inda son surutu ya kai ni. Da ku nake, masu cewa "Kaka ci gaba, Kaka ci gaba."

"Yaya, zauna in gaya miki. Ranar nan, ba Eilif ne ya..."

"Rufe mini baki. Ina sama ina kitse gashina a bakin taga. Na ga shigarki rumfa, na ga bututun a aljihunki, na ga fitowarki kina goge hannu a dusa."

Na nemi kujera na zauna. "Kin sani? Tun ranar?"

"Tun kafin ki fito da katakan."

"To me ya hana ki faɗa? Da kin buɗe baki, da Baba ya zane ni, da an kankare, da kun hau tare!"

"Na ce bari in ga abin da Eilif zai yi." Ta dafa tebur. "Na ɗauka zai ce bai sani ba. Ko ya saɓa katakan a kafaɗa ya biyo ni da ƙafa. Sai Baba ya yi tambaya, na ga inda idon Eilif ya je. Ya dubi hannunki, ya yi wa ubana ƙarya don ya rufa miki asiri, ya yarda a yi masa dariya a gabana. Ni ba a kan hanya na rasa shi ba, Aslaug. A bakin shingen nan na rasa shi, ina tsaye."

"Yaya..."

"Ban riƙe ki da shi ba. Ya so ki, kin so shi, na gani da idona shekara hamsin. Abu ɗaya na jira. Ki zo ki ce, Yaya, ni ce. Ranar aurenki na jira, ni na ɗaura miki lulluɓi. Ranar da muka binne Oddvar na jira. Ranar da muka binne Eilif na kwana a gadonki, na ce yau dai za ta faɗa. Kowace Ista ina buɗe baki ina dariya, ina kallon ki kina kallon kofi. Ashe mutanen cikin waya za ki fara gaya wa."



Ta buɗe taga, ta damƙo dusa daga bakinta, ta matse, ta buɗe hannu. Ta watse.

"Shuɗi," ta ce.

Ta jawo katakan Eilif ta kwantar a kan kujeru biyu. Ta ɗauki shuɗin kaki ta fara shafawa, hannun na rawa, gwangwanin na ƙwanƙwasa katako. Na miƙa hannu zan riƙe mata, ta harare ni, na janye. Ta murza da totuwa, ta ƙara shafi, ta sake murzawa, har tsakiyar ta yi sheƙi. Da ta gama na biyun ta bi shi da tafin hannu tun daga kai har gindi, a hankali, sau ɗaya. Ta jingine su a bango.

"Wannan yaron zai kai bukka," ta ce.

Wayata ta yi ƙara a kan tebur. Tuva ce: "Kaka mun shigo layi! A ɗora gahawa. Kaka Gunvor na nan? Asger na son ya ji labarin kilistar nan daga bakinku ku biyu."

Yaya ta karanta ta saman kafaɗata. Ta ɓalla maɓallan rigarta har wuya, ta sa safar hannu. Sannan ta fito da zoben makullanta, ta yi ta fama da shi da yatsun nan masu rawa, har ta zare makullin gidan nan, wanda ke hannunta tun muna 'yan mata. Ta ajiye shi a cikin akwatin kaki, kusa da bututun kilista.

"Yaya, gahawarki ko sha ba ki yi ba."

"Ki ba su labarin. Ai kin iya."

"Yaya Gunvor, ni ce. Ni na shafa."

Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta juyo ba.

"Jiya jiya ce," ta ce.

Ta fita ta bugo ƙofar da ƙarfin da ban san tana da shi ba, har dusar da ke kan rufi ta zubo gaba ɗaya ta rufe matakala.